Ruwan Ƙarfe Shida

Shekara goma sha tara ina dafa wa ma'aikatan kamfanin ɗinkin nan abinci, ba a taɓa tsintar ko silin gashi a miyata ba. Na fara da wannan ne don ku san wace ce aka kira ofis wata ranar Laraba, aka bar ta a tsaye, ga kujeru biyu a gabanta babu kowa a kai.

Kamfanin ba wani babba ba ne. Bene ne hawa biyu, ƙasa ɗakin ɗinki da kekuna tamanin a jere, sama ofisoshi. Kicin ɗina yana baya, kusa da matattakala. Inna Kuku kowa ke ce mini, har Manaja, wanda a gabana ya zo wurin yana ƙaramin akawu, yana leƙowa kicin in ƙara masa miya a ɓoye. Aikina biyu ne: in dafa abincin rana, in kuma cika manyan kulolin ruwa huɗu da ke ɗakin ɗinki, don masu wuni cikin zafin injina su sami abin sha. A takardar aikina ƙarfe tara aka rubuta. Ni kuwa shida nake zuwa. Ba na son teloli su shigo ƙarfe bakwai su tarar da kula wayam, kuma, in faɗi gaskiya, ina jin daɗin a ce Inna Kuku ta riga kowa.

Ciwon a hankali ya shigo. Wata Litinin mata uku ba su zo aiki ba. Washegari sai ga layi a ƙofar banɗaki, kowa ya jingina da bango ya riƙe ciki. Da farko abin dariya ne, ana tsokanar wani dogon tela wai ya kamata a kai masa kekensa can ciki ya huta da zirga-zirga. Kafin sati biyu dariya ta ƙare. Mutum talatin da ɗaya suka kwanta da amai da gudawa, aka kai tara asibiti. Cikin taran nan har da Auta, 'yar ƙanwata, wadda ni na roƙar mata aikin, ga ta da cikin wata bakwai.

Ranar Larabar nan da na shiga ofis, Manaja bai ɗago kai ba. A gefensa akwai ma'aikacin ɗakin gwaji, wanda ke zuwa duk bayan wata uku ya ɗebi ruwa a 'yan kwalabe ya tafi da su. Mai Kwalba muke ce masa. Ya ɗora jakarsa a cinya, ya rungume ta da hannu biyu.

"Inna Kuku, kin dai san abin da ke faruwa," in ji Manaja.

"Na sani, Yallaɓai. Daga nan ma asibiti zan wuce, 'yata tana can ana yi mata ƙarin ruwa."

"To, an gwada ruwanmu." Ya turo wata takarda mai hatimi gabana. "Sau biyu aka gwada, lafiyarsa ƙalau. Abu biyu ne ke shiga cikin mutane a gidan nan, ruwa da abinci. An fitar da ruwa. Me ya rage?"

Na ce, "Yallaɓai, kai ma abincin nan kake ci. Kullum ƙarfe ɗaya ina aiko maka da faranti, har da ƙarin nama. Akawu yana ci, sakatariya tana ci. Tukunya ɗaya ce. Wa ya kwanta a cikinku?"

Ya yi ɗan murmushi. "Ciki ai ya bambanta."

Ciki ya bambanta! Wato su na sama Allah ya yi musu na ƙarfe, na ƙasa kuma aka yi musu na takarda. Na daure na tuna masa cewa sau uku a watan nan ina gaya masa ruwan safe yana zuwa da wani launi da ɗan ƙarni, har sai na ɗaura farin ƙyalle a bakin famfo nake tace shi. Sau ukun duka ya ce za a duba.

Mai Kwalba ya gyara zama. "Inna, ido ba ya gwada ruwa. Hanci ma ba ya gwadawa. Na'ura ce ke gwadawa."

"To na'urar tana shan ruwan?" na ce.

Manaja ya ce an dakatar da ni sai an gama bincike, in ba da mabuɗin kicin.

Hanyar fita ɗaya ce, ta tsakiyar ɗakin ɗinki. Ban taɓa sanin ɗakin yana da tsawo haka ba. Mutanen da na san wanda ba ya son albasa, da wadda ke son ƙanzo, da wanda likita ya hana gishiri, duk suka sunkuyar da kai a kan kekunansu. Wata yarinya da na taɓa goyon ɗanta a kicin wata uku don ta samu ta yi aiki, na wuce ta ke nan na ji ta ce ƙasa-ƙasa, "Allah ya isa." Ban juya ba. Ina tsoron abin da bakina zai faɗa.

Washegari jikina ya tashe ni ƙarfe biyar kamar yadda ya saba. Na zauna a bakin gado ba wurin zuwa, na haɗa shayi, na fara juya maganar a raina. Ni ban kwanta ba, kuma na fi kowa cin abincin, don kowace miya sai na ɗanɗana. Amma ni ruwan sanyi ba ya shiga bakina saboda haƙori, shayi nake wuni sha. Mutanen ofis kuwa ruwan roba ake sayo musu, katan-katan, ban taɓa ganin ɗayansu ya sauko ya matsa kula ba. Duk wanda ya kwanta, daga kulolin nan yake sha. To amma takarda ta ce ruwa ƙalau. Na kasa haɗa biyun, na yafa mayafi na fita.

Baba Maigadi ya buɗe mini ƙaramar ƙofa yana waige-waige. Tsoho ne mai kirki, ya fi ni daɗewa a wurin, kuma shi ke kunna injin ruwa ya kashe.

"Baba, ruwan da nake ɗiba da safe daga ina yake zuwa?"

"Daga tanki mana. Na saman bene."

"Na rana fa?"

"A'a, na rana ai na babban bututu ne. Muddin inji na aiki, kai tsaye ruwa ke zuwa famfo, rarar ce kawai ke hawa tanki. In na kashe inji ƙarfe huɗu, sai na tanki ya riƙa saukowa har gobe."

"Ƙarfe nawa kake kunnawa?"

"Tara. Manaja ya hana a kunna kafin nan, wai in ya haɗu da tashin kekuna wuta faɗuwa take yi."

Na tsaya ina kallonsa. Mai Kwalba ƙarfe sha ɗaya yake zuwa, ba ya saɓawa. Na sha ganinsa a kicin ɗina, ya goge bakin famfo da auduga, ya sake shi yana zuba minti biyar yana kallon agogo, sannan ya tara kwalba cikin natsuwa kamar mai aikin tiyata. Shekara da shekaru yana wannan ƙwarewar, ashe bai taɓa ɗibar ko ɗigo ɗaya na ruwan tanki ba.

"Yaushe rabon da a leƙa tankin?" na tambaya.

Baba ya sosa ƙeya. Ya ce iskar da aka yi wata biyu da suka wuce ta ɗauke murfin, ya tsince shi a bayan katanga ya tsage biyu. Ya gaya wa Manaja, Manaja ya ce za a duba.

Na ce ya kai ni. Ya ce, "Haba Inna, da wannan gwiwar taki?" Na ce ya riƙe tsani kawai. Na ɗaura zanena tamau, na cire takalmi, na hau, mace mai shekara hamsin da shida, ina hawa ina tsine wa duk wanda ya jawo mini wannan aikin. Tun kafin in kai sama warin ya tare ni. Tattabaru sun mayar da bakin tankin wurin kwana, kashinsu ya yi fari a gefe, ya gangara ciki. Na haska fitilar Baba. Ruwan ya yi ƙasa, bai wuce gwiwa ba, kore-kore, gashin tsuntsu yana yawo a kai. Matattun tattabaru uku na gani da idona, sun kumbura, ɗaya ta riga ta ruɓe ta tsaya daidai bakin bututun da ke sauka kicin ɗina.

A nan kan tsani na yi amai. Ba warin ne kaɗai ya sa ni ba. Na tuna hannuna ne yana ɗaura farin ƙyalle a famfo, ina tacewa, ina yaba wa kaina tsafta, ina ɗaukar bokiti zuwa kula. Na tuna ina ce wa Auta, mace mai ciki ba ta wasa da shan ruwa, in cika mata kofi in tsaya a kanta sai ta shanye. Na yi kuka, kuma ban ji kunyar Baba ba. Da na gama, na karɓi sandarsa na zaƙulo guda ɗaya na sa a leda, na sauko na tari ruwan famfon bayan kicin a wata roba da na wanke da ruwan zafi.

Ɗakin gwaji na fara zuwa. Na jira a benci har Mai Kwalba ya iso, ya sa farar rigarsa, ya sha shayinsa. Na ajiye masa robar a kan tebur. Ko makaho ya shinshina ya san ba lafiya ba. Ya ja kujerarsa baya, na yi masa bayani tiryan-tiryan, da inji da tanki da ƙarfe tara. Na ga fuskarsa ta canza, na rantse ya gane.

"Ba zan iya karɓar wannan ba, Inna," ya ce.

"Don me?"

"Ba kwalbarmu ba ce, ba a rufe ta da hatimi ba, kuma ba ma'aikacinmu ne ya ɗebo ba. Ƙa'ida ce."

"To ka zo da kwalbarka da hatiminka gobe ƙarfe shida. Ni zan jira ka a ƙofa."

"Motar ofis ba ta fita sai goma."

"Zan biya maka kuɗin mota."

"Ba a nan take ba. Sai kamfani ya rubuto yana neman gwaji na musamman, shugabana ya sa hannu, a ba ni rana."

"Kamfanin da ya ƙi sayen murfi ne zai rubuto a zo a kama shi?"

Ya buɗe hannuwa. "Ni dai abin da na ɗeba, shi na gwada, kuma abin da na gwada lafiyarsa ƙalau. Ban yi wa kowa ƙarya ba."

Wannan maganar ta fi komai ƙona mini rai, domin gaskiya ya faɗa. Bai yi ƙarya ba. Ya dai sa hannu a takardar da ta shafa mini kashin kaji, mutum tara suna kwance da allura a hannu, shi kuwa zai koma gida ya ci abinci ya yi barci da zuciya fes. Na ce masa Allah ya ba shi lada gwargwadon aikinsa. Ya ce amin, ko a jikinsa.

Daga nan na koma kamfani. Sakatariya ta yi ƙoƙarin tare ni, na ture hannunta na shiga. Na kwance ledar na juye wa Manaja a kan takardar mai hatimi. Ya yi tsalle har kujera ta faɗi.

"Ga binciken," na ce. "Akwai sauran biyu a sama. Taso mu hau."

Ya toshe hanci da hankici. Na ga ya sha jinin jikinsa. Na ɗauka zai ce, Inna, na yi kuskure. Da ya faɗi haka, wallahi da na yafe masa a wurin, don na san shi tun ba shi da komai.

"Tattabara a ko'ina ana samu," ya ce. "Wa ya ga inda kika ɗauko ta?"

"Baba Maigadi ne ya riƙe mini tsani."

Ya sa aka kira Baba. Tsohon ya shigo ya durƙusa a bakin ƙofa, hularsa a hannu. Manaja ya tambaye shi ko ya bar wadda aka dakatar ta shigo harabar kamfani har ta hau bene, domin in haka ne, to maigadin da ke yin haka ba maigadi ba ne. Baba ya kalli ƙasa. Ya ce shi dai ya ga Inna a bakin ƙofa da safe, sun gaisa. Iyalinsa mutum tara ne, na sani. Na ce ba zan riƙe shi a zuciya ba, amma har yau in na hango shi a hanya sai in sauya gefe.

Da Baba ya fita, Manaja ya jawo fayil ɗina ya buɗe. Muryarsa ta dawo daidai.

"Mu ɗauka ma abin da kika faɗa gaskiya ne. A nan ƙarfe nawa aka rubuta ki fara aiki?"

Bai jira amsata ba.

"Tara. Ƙarfe tara inji na aiki, ruwa mai kyau ne a famfo. Wa ya ce ki zo shida? Wa ya sa ki? Kamfani bai taɓa umartar kowa ya ba ma'aikata ruwan tanki ba. Ko ta abinci ko ta ruwa, Inna, hannunki ne."

Awa uku kullum, shekara goma sha tara, ban taɓa neman ko sannu a kansu ba, yau su ne igiyar da aka ɗaure ni da ita. Ya miƙo mini takardar sallama, wadda ashe tun safe aka buga ta. An rubuta dalili da manyan baƙaƙe: rashin tsaftar abinci.

Sauran labarin a bakin mutane na ji. Ranar Lahadi, da babu kowa, wata mota ta zo da mutum huɗu da dogon tiyo, suka wuni a saman bene. Litinin aka wayi gari da sabon murfi. Aka ɗauko sabuwar kuku, wata mata da ba ta isowa sai tara da rabi, tana tafe tana hamma, teloli su zauna da ƙishirwa har ta ga dama ta cika kula. Ciwo ya tsaya cak. Aka liƙa sanarwa a allo cewa an gano matsalar, an kuma kawar da ita. To me kuke so mutane su ce? Inna Kuku ta tafi, gudawa ta tafi. Ko ni ce a wajensu haka zan lissafa.

Na je ofishin lafiya na unguwa, aka ce in kawo sakamakon gwaji. Na je wajen shugaban ƙungiyar ma'aikata, ya ce yana tausaya mini ƙwarai, amma matarsa ma tana cikin waɗanda suka kwanta. Maƙwabciyata da ke kirana in dafa mata in tana da baƙi ta daina, ta koma gaishe ni daga nesa. Aikin bai dame ni kamar sunan ba. Aiki ana samun wani, amma wa zai ba mai dafa guba tukunya?

Ana cikin haka naƙuda ta kama Auta, wata bakwai da 'yan kwanaki, jiki ba ƙwari. Ta haifi 'ya mace, ƙarama ƙwarai, aka sa ta a kwalbar jarirai. Likita ya ce uwar tana bukatar abinci mai laushi mai gina jiki, ko ruwan nono ya zo. Na ce wannan kam nawa ne. Na je kasuwa da kaina na zaɓi kaza, na tafasa ruwa sau biyu, na dafa shinkafa ta yi luguf a cikin romo, yadda take so tun tana rarrafe. Na zuba a kula na rufe, na ɗauki cokali uku.

A ƙofar ɗakin na haɗu da ƙanwata. Mijin Auta yana zaune a ciki kusa da gado, da uwarsa a kan tabarma. Ƙanwata ta kalli kular, ta jawo ƙofar ta rage buɗinta.

"Yaya, sannu da ɗawainiya. Kawo in ajiye."

"A ajiye kuma? Da zafinta za ta ci."

"Ta ɗan ci wani abu ɗazu."

"Me ta ci?"

Ta matso kusa da kunnena. "Yaya, ni wallahi na yarda da ke. Duk abin da kika faɗa na yarda. Amma mijinta ya ce kada a ba ta komai daga waje, kin ga yanayin da ake ciki. A bari dai ta ƙara ƙarfi."

"Daga waje," na ce. "Ni ce waje?"

"Don Allah, Yaya, kar ki ɗaga murya."

Ban ɗaga ba. Na tura ƙofar na shiga, na gaida surukar, na gaida mijin, suka amsa a ciki-ciki. Auta tana kwance, ta rame har ƙasusuwan wuyanta sun fito. Ta ce, "Inna, kin zo?" Na ce na zo. Ta kalli kular, ta kalli mijinta, sannan ta mayar da idonta kan bango.

Na zauna a ƙasa a tsakiyar ɗakin, na buɗe kular, tururi ya tashi, ƙamshi ya cika ko'ina. Na jera cokula biyu a kan murfin, na ɗauki na ukun, na yi bismilla na fara ci. Ba yunwa nake ji ba. Na ci naman, na ci shinkafar, na ɗaga kular na shanye romon, ina kallonsu ɗaya bayan ɗaya. Abincin mutum uku ne, sai da na kai ƙarshensa. Ƙanwata tana tsaye a bakin ƙofa tana share hawaye da gefen mayafi, amma ita ma ba ta miƙo hannu ba.